Sawun Safa a Kan Dandamali

Ina da wani ɗan hali da ban cika faɗa a gaban mutane ba: ba na sauraron waƙa. Kunnuwana lafiyarsu ƙalau. Kawai dai da zarar na gabatar da mawaƙi, na ce, "Jama'a, a tafa masa," sai in zame ta bayan labule in nufi teburin mai shayi, ba na dawowa sai na ji tafin ƙarshe. Da wannan halin na yi suna a aikin gabatar da mawaƙa, har kowa ke ce mini Sanƙira. Na sha kiran mutum "muryar da ke sa dutse hawaye" alhali ko amshin waƙarsa ban sani ba.

Shekarar da ƙungiyar mawaƙa ta yanke shawarar ba Maigida kofin girmamawa, ni aka ɗora wa gabatar da taron, kuma ni aka damƙa wa makullin kabad ɗin da kofin ke ciki. Maigida kuwa ba sai an yi bayaninsa ba a wurinmu. Waƙarsa direbobi ke sawa a mota, ita mata ke bi suna wanki, har waɗanda suka girme shi Maigida suke ce masa. Kofin nasa makirufo ne na tagulla a kan gindin katako, mai nauyi kamar ƙosasshen jariri.

Da safiyar ranar taron ina shiga zauren na ji ihun mai shara daga ofishin bayan dandamali.

"Na shiga uku! Ku zo ku gani! Babu shi!"

Kabad a buɗe, ba a fasa gilashi ba, ba a ɓalle kwaɗo ba. Inda kofin yake sai zagayen da gindinsa ya bari a jikin jan ƙyalle. Kafin ka ce me, ofishin ya cika da makaɗa da masu jera kujeru, kowa na salati. Ni ma na yi nawa da ƙarfi, don a san ina cikin masu jimami. Sai na lura salatin ya fara raguwa, idanu sun fara juyowa wuri guda.

Shugabar ƙungiya ta gyara zaman tabarau. Mace ce da ba ta ɗaga murya, don ba ta taɓa buƙatar hakan ba.

"Sanƙira, makullin nan guda nawa ne?"

"Ɗaya ne, ranki ya daɗe."

"A hannun wa yake?"

"To, a zahiri dai..."

"Ban tambaye ka zahiri ba."

"A hannuna yake. Kuma wallahi tun da kika ba ni bai rabu da jikina ba."

Wani makaɗi a bayana ya ce, "Ai shi ke nan, ya taƙaita mana." Ba wanda ya yi dariya.

Shugaba ta ce, "'Yan jarida sun fara taruwa a ƙofa. Idan la'asar ta yi kofin nan bai dawo ba, 'yan sanda zan kira, kuma ta ƙofar gaba za su fita da kai."

Ni ba gona gare ni ba, ba shago ba. Bakina da sunana ne jarina. Wanda aka taɓa ɗaukar hotonsa da ankwa, ko taron raba sakamako a makarantar yara ba mai sake miƙa masa makirufo.

*

Na kira matata. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Bari in turo maka Yaya."

Yayanta ya ƙare ƙuruciyarsa a gandun daji yana bin sawun masu harbin giwa, yanzu ya yi ritaya yana bin sawun kurakuraina. Tun ranar da na nemi auren ƙanwarsa ya sa mini suna Aku, wai bai taɓa ganin namijin da ake biya don ya yi surutu ba. Girman kai kuwa, Allah ya hore masa. Ya iso da hular kakinsa, bai gaida kowa ba, ya tsaya a bakin dandamali yana shaƙar iska.

"Fenti," ya ce.

"Jiya da yamma aka shafa baƙin fenti, saboda masu hoto," na ce.

"Su wa suka hau yau?"

Kowa ya dubi takalminsa. Babu wanda ba shi da ɗan baƙi a ƙasan nasa, har Shugaba. Nawa ya fi na kowa, domin na yi ta safa da marwa a kai ina nuna damuwa.

"Ko garken ɓauna ya fi ku sanin inda zai taka," in ji Yaya. "Kowa ya sauka. Aku, kai biyo ni, amma ka rufe wannan abin da kake ci da shi."

*

Sunan da ke bakin kowa bayan nawa shi ne na Ɗan Yayi, matashin mawaƙin da ya shiga rediyo ya ce kofin nasa ne, an ba tsoho ne don tausayi. Kuma an gan shi a zauren jiya da yamma. Muka same shi a motarsa, sanye da baƙin gilashi, yana duba fuskarsa a madubi.

"Me ya kawo ka nan jiya?" in ji Yaya.

"Baba, wai kai ne ɗan sandan?"

"Ni ne wanda zai hana a kira su. Me ya kawo ka?"

Ya rage murya. "Kujerata na zo dubawa. An sa ni a layi na biyu, bayan wani ginshiƙi. Ni! Sai na musanya takardar sunana da ta wani mai gurmi. Iyakar satar da na yi ke nan, kuma don Allah kar ta fita."

"Ka ce kofin naka ne."

"Nawa ne mana. Amma me zan yi da shi a ɓoye? Kofin da ba zan ɗaga a ɗauke ni hoto ba, ai gara murfin tukunya."

Yaya ya dubi fararen takalmansa, ya dubi yadda yake karkaɗa ƙafa, ya juya ya tafi.

"Ba shi ba ne?" na tambaya.

"Wannan ko allura ya sata sai ya kira 'yan jarida."

*

Na biyu shi ne Mai Sauti, wanda ke kula da makirufo da lasifika, kuma yana da makullin ƙofar baya. Mun tarar da shi a gefen dandamali yana warware wayoyi, gumi na ɗiga daga haɓarsa duk da fanka na kansa.

"Jiya da yaushe ka bar nan?"

"Tare da mai fenti muka fita, Baba. Ku tambaye shi."

"Ka kulle ƙofar baya?"

"Ba ta kulluwa sosai. Duk 'yan ƙungiyar Maigida sun san in ka ɗaga ta kaɗan sai ta buɗe."

Yaya ya bar shi ya taka a hankali zuwa gaban dandamali, inda aka kafa makirufon Maigida a kan doguwar sanda mai ruwan zinare. Ya miƙa hannu ke nan, Mai Sauti ya yi tsalle kamar an ɗana masa wuta.

"Kar ku taɓa wannan!"

Yaya ya tsaya da hannu a sama. "Cizo yake yi?"

"A'a, an riga an daidaita shi ne. Na Maigida ne shi kaɗai. Ko Sanƙira ba ya taɓa shi."

Gaskiya ne. Kullum nawa daban ake miƙo mini, kuma na ɗauki hakan a matsayin girmamawa. Yaya ya janye hannu, ya sunkuya ya daɗe yana kallon ƙasa, ni kuwa zuciyata ta yi fari. Na matsa kusa da shi na raɗa masa, "Shi ne, Yaya! Dubi guminsa!"

"Yana ɓoye wani abu," in ji shi. "Amma ba kofinka ba."

*

Maigida na zaune a ɗakin canza kaya, wuyansa naɗe da mayafin ulu, idanunsa a lumshe. Ranar wasa ba ya magana da kowa, don adana murya, kuma duk ƙungiyar ta san da wannan. In yana da abin faɗa sai ya raɗa wa Kawu, Kawu ya faɗa mana. Kawu shi ne babban ɗan amshinsa, tun suna samari suke tare. Siriri ne mai furfura, shi ke goge wa kowa kaya, shi ke raba mana alewar maƙogwaro, ban taɓa jin ya yi musu da kowa ba.

Maigida ya raɗa, Kawu ya sunkuya ya ji, ya miƙe. "Ya ce ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce amma bai yarda Sanƙira zai yi haka ba."

Na kusa hawaye. Yaya kuwa ba ya ma kallonsu. Kayan da ke rataye a bango yake kallo.

"Kwat ɗin wa ce wannan shuɗiyar, mai ƙyalli kamar bayan ƙuda?"

"Tawa ce," na ce. "Jiya na kawo ta a goge."

"Ina makullin yake yanzu?"

Na sa hannu a aljihun wando, babu. Ɗaya aljihun, babu. Yaya ya zura yatsu biyu a aljihun kwat ɗin ya zaro shi, ya riƙe shi a gaban hancina.

"Bai rabu da jikinka ba," ya ce. "Sai dai jikin ne ya tafi gida ya bar shi."



*

Yaya ya hana kowa shiga zauren sai ni. Ya karɓi tocilan, ya kwanta rub da ciki a kan dandamali, yana haska fentin daga gefe yadda kowane ɗan lotsi zai yi inuwa.

"Zo ka gani, in idonka na aiki. Duk wannan turmutsitsin na safiyar yau ne, fenti ya riga ya kusa bushewa, takalma sun ɗan goge shi kawai. Amma dubi wannan."

Na tsuguna. A ƙarƙashin sawun takalmanmu akwai wani mai zurfi, mara zanen takalmi, da ɗan saƙar zare a jikinsa.

"Safa," in ji Yaya. "An taka tun fenti na da taushi, kafin mai shara ta iso. Mutumin ya cire takalmi."

"Don kar a gane shi."

"In don haka ne, me zai hau dandamali ya yi? Daga ofis zuwa ƙofar baya ba sai an bi ta nan ba. Ya cire ne don kar ya ɓata fentin. Ɓarawonka yana ganin girman wurin nan."

Ya ci gaba da rarrafe, ni ina biye. Sawun ya fito daga bayan labule, a natse, babu alamar gudu. Bai kai gaban dandamali ba. Ya tsaya a wani wuri can baya, ta hannun hagu, kusa da wata gajeriyar sandar makirufo baƙa. A nan Yaya ya daɗe yana haska wurin.

"Tara mini su," ya ce daga bisani.

*

Suka zauna a layin gaba: Shugaba, Maigida da mayafinsa, Kawu a gefensa, Ɗan Yayi, Mai Sauti. Makaɗa da masu jera kujeru suka tsaya a baya. Rana ta riga ta karkata, kuma na ga Shugaba na juya waya a hannu.

Yaya ya ɗauko gorar ruwa. "Wannan ita ce kofin. Kowa zai hau shi kaɗai, ya riƙe ta, ya gode wa jama'a, ya sauko."

"Malam, ba wasan kwaikwayo muka zo yi ba," in ji Shugaba.

"To ki fara, mu gama da wuri."

Ta hau, ta tsaya a tsakiya kamar za ta karanta hukunci, ta sauko. Ɗan Yayi ya je har bakin dandamali, ya ɗaga gorar sama, ya juya ta kowane ɓangare, sai da aka ce masa ya isa. Ni na nufi teburin mai gabatarwa na fara da "Manyan baƙi," Yaya ya ce in sauko. Mai Sauti ya tsaya a gaba, ya yi godiya a gurguje, ya sauko. Maigida ya girgiza kai, ya nuna maƙogwaronsa, aka ƙyale shi.

"Saura kai, dattijo."

Kawu ya miƙe. A gindin matakala ya tuɓe takalmansa ya jera su. Ya karɓi gorar da hannu biyu, ya taka a natse, ya ratse ta hagu, ya tsaya can baya kusa da gajeriyar sandar nan. Ya haɗa dugadugansa, ya rusuna wa kujeru.

"Kar ka motsa," in ji Yaya. Ya hau ya haska ƙasa da tocila. Ƙafafun Kawu na zaune cikin sawun safar nan kamar an auna.

"Mutum shi kaɗai a zaure," Yaya ya ce da mu, "kofi a hannunsa, ba mai ganinsa, dandamali duka nasa ne. Kun ga inda kowannenku ya nufa. Shi wannan nan ya zo ya tsaya. Dugadugai a haɗe, yatsu sun nutse cikin fenti, wato ya rusuna, kuma ya daɗe a rusune. Ku gaya mini, wa za a ba fili duka ya zaɓi bayan wani?"

Can wata daga cikin masu jera kujeru ta ce, "Inna lillahi! Kawu?"

Ɗan Yayi ya cire baƙin gilashinsa, abin da ban taɓa gani ba. Shugaba ta zauna ba tare da ta duba ko akwai kujera ba, Allah ya taimaka akwai.

Kawu ya ajiye gorar a hankali. "Yana cikin akwatin babbar ganga," ya ce. "Na naɗe shi da tawul, ko ƙwarzane bai yi ba."

"Kawu," in ji Shugaba, "me ya kai ku?"

"Na zo da sassafe in goge kaya, sai na ji makulli a aljihun kwat. Na ce bari in ɗaga shi in ji nauyinsa, shi ke nan. Da na ɗaga kuma sai ƙafafuna suka kawo ni nan. Ina cikin haka na ji motsin mai shara, na rasa yadda zan mayar."

"Kuna tsaye fa aka ce za a sa mini ankwa!" na ce. Ban san muryata na iya yin siriri haka ba. "Ku da kuke ba ni alewa! Da an tafi da ni fa?"

"Da na fito kafin motar ta tashi, Sanƙira."

"Ko bayan ta tashi," in ji Yaya.

Kawu bai musa ba. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ka yafe ni."

Shugaba ta dawo hayyacinta, ta miƙe. "Ba zan kira 'yan sanda ba, saboda furfurarku. Amma yau ba za ku hau dandamalin nan ba. Ku ɗauki takalmanku ku tafi gida."

Sai ga Maigida ya yi zumbur ya riƙe hannun rigarta. Fuskarsa ta yi fari fat, har mayafin ya zame. Ya jawo ta ya yi mata raɗa mai tsawo. Ta dube shi da mamaki, sannan ta juyo gare mu.

"Ya ce ya yafe. Ya ce in babu Kawu a bayansa yau, shi ma ba zai hau ba."

Wuri ya ɗauki kabbara da tafi. Mata na share hawaye, makaɗa na cewa irin wannan zuciya sai Maigida. Ɗan Yayi da kansa ya ce, "Baba ya fi ni, na yarda." Mai Sauti kuwa ya saki wani dogon numfashi, ya zauna a ƙasa daɓas. Ni har na fara tsara yadda zan sa labarin yafiyar a jawabina, ba tare da ambaton aljihun kwat ba.

*

Na raka Yaya bakin titi, ina ta godiya irin wadda ban taɓa yi wa dangin matata ba. Ya tsaya yana gyara hula.

"Aku, na ji an ce kana gama surutunka sai ka gudu shan shayi."

"Wa ya gaya muku?"

"Sawunka. Ka kusa haƙa rami daga labule zuwa teburin mai shayi. Yau ka tsaya. Tunda ba ka iya sauraro ba, ka yi abin da nake yi. Dubi ƙasa, ka bi abu har inda ya ƙare."

Bai jira taron ba. Ya ce hayaniya na sa masa ciwon kai.

Zaure ya cika har bakin ƙofa. Na yi jawabin da ya fi kowane jawabi a rayuwata, na kira Maigida kogin da ba ya ƙafewa, na kira shi uban marayun waƙa. Shugaba ta miƙa masa kofin, fitilun masu hoto suka yi ta walƙiya. Ya rungume kofin a ƙirji, ya matsa gaban sandarsa mai ruwan zinare, makaɗa suka ɗauka. Na koma bayan labule, ƙafafuna suka nufi ƙofa da kansu, na tsayar da su.

Sai muryar ta tashi. Ban san haka take ba. Tsigar jikina ta miƙe, na ga manyan mutane a layin gaba suna kuka ba kunya, na ce a raina ashe duk ƙaryar da na yi shekara da shekaru gaskiya ce. Maigida ya lumshe ido, bakinsa na buɗewa, hannunsa na sama. Can baya ta hagu Kawu na tsaye da safa, dugadugai a haɗe, leɓensa daf da baƙin makirufonsa, jijiyoyin wuyansa sun tashi.

Na tuna da Yaya, na dubi ƙasa. Wayoyi biyu ne suka taso daga dandamali suka biyo gefen labule. Na bi ta Kawu da ido, ta wuce ta gabana ta shiga na'urar Mai Sauti. Na bi ta makirufon Maigida. Ta zo har kusa da takalmina ta ƙare a nan, bakinta a ƙasa, ba a jona ta da komai ba.